Dalilin da kilishi ke zama lami in ana mura

Malam, ka tambayi abin da ya sa mura ke ɗauke maka ɗanɗanon kilishi. Harshenka lafiya lau yake. Zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci da romon nama kawai yake rarrabewa. Sauran aikin hanci ne. Can rufin kogon hanci akwai ƙwayoyin jin wari iri kusan 400, kuma in kana tauna, ƙamshin kan hau ta bayan maƙogwaro ya same su, su aika wa ƙwaƙwalwa. Majina da kumburi, balle ga ƙurar hunturun Damagaram, su ke toshe hanyar.

Tafasa ruwa kofi ɗaya, bari ya huce, zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, ka wanke hanci safe da yamma. In mura ta wuce da wata guda ƙamshi bai dawo ba, je ka ga likita.