Likita na daina shan maganin damuwa, sai jiri ya kama ni

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo min a wannan karon kusan duk a kan maganin ciwon damuwa da fargaba ne, shi yasa na haɗa guda huɗu waje ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salam likita dan Allah a taimaka min. Shekara ɗaya da wata biyu kenan ina shan paroxetine saboda ciwon damuwa, alhamdulillahi na samu sauƙi sosai ina barci ina cin abinci har na koma aiki, sai nace tunda na warke meye amfanin cigaba da shan magani, ga shi a gida kullum ana ce min zai bi min jiki, kawai sai na daina rana ɗaya. Bayan kwana uku sai jiri, in na juya ido sai inji kamar an jona min wutar lantarki a kai, ga tashin zuciya ga munanan mafarkai, abu kaɗan sai kuka. Likita ciwon ne ya dawo ko kuwa da gaske na zama 'yar ƙwaya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu kinji, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, baki zama 'yar ƙwaya ba. Ɗan ƙwaya shine wanda yake kwaɗayin abin, yana ƙara yawansa don ya bugu, yana nemansa ko ta halin ƙaƙa. Ke kuwa da kanki kika ajiye shi kuma ba marmarinsa kike ba. Abinda ya faru shine ƙwaƙwalwarki ta shafe sama da shekara tana aiki da wani ma'auni na sinadarin serotonin wanda maganin ya saba mata da shi, sai aka zare mata shi lokaci guda bata shirya ba.

Kuma kinyi rashin sa'a da irin maganin, don paroxetine yana cikin waɗanda suka fi saurin barin jiki, cikin kwana ɗaya kusan rabinsa ya fita, shi da venlafaxine su suka fi wahalar da mutane wajen dainawa. Fluoxetine kuwa sai ya ɗauki makonni yana fita a hankali, shi yasa masu shansa ba kasafai suke jin abinda kika ji ba.

Ga yadda muke bambance wannan da dawowar ciwo. Wahalar daina magani tana zuwa ne cikin 'yan kwanaki, kuma tana zuwa da abubuwan da babu su a ciwon farko, irin wannan jirin da fizgar lantarkin da kika faɗa, kuma in aka koma kan maganin yawanci cikin kwanaki kaɗan take lafawa. Ciwon damuwa in zai dawo a hankali yake lallaɓowa, bayan makonni ko watanni, kuma da kamanninsa na da yake zuwa.

Akwai laifinmu mu likitoci a nan, kuma ya kamata in faɗa. Shekaru da yawa muna gaya wa marasa lafiya cewa wannan wahalar 'yar kaɗan ce, sati ɗaya ko biyu ta wuce, sai a 2019 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ta gyara ƙa'idarta ta yarda cewa ga wasu mutane abin yana tsanani kuma yana iya kai watanni. Don haka in wani ya ce miki raki ne, kada ki yarda.

Ki koma wurin likitan da ya rubuta miki a wannan satin, ki faɗa masa ranar da kika daina da ranar da abin ya fara. Yawanci za'a maida ke kan adadin da kike sha ne har ki daidaita, sannan a fara ragewa kaɗan kaɗan, ana barin makonni tsakanin ragi da ragi, kuma in an zo ƙarshe a ƙara sassautawa, don ƙananan miligiram ɗin ƙarshe sune suka fi wuyar rabuwa, wani lokacin sai an koma na ruwa ko an rinƙa raba ƙwayar. Shi ma lokacin dainawar ku tattauna, ƙa'ida ita ce a cigaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warke, wanda kuma ciwon ya sha dawo masa ana so ya kai shekara 2 ko fiye.

Tambaya: Likita barka da aiki. Shekarata 22, ina fama da faɗuwar gaba da tsoro ba dalili, aka ɗora ni kan sertraline 50mg yau kwana 12 amma wallahi ji nake abin ƙaruwa ma yayi, bana barci ga gudawa, shin in rinƙa shan biyu ne ko in watsar da shi? Sannan ina ɗan shan tramadol saboda ciwon baya, ban gaya wa likitan ba.

Amsa: Ƙanina bari in fara da maganarka ta ƙarshe don ita tafi tada min hankali. Tramadol da sertraline duk suna ƙara serotonin, in suka haɗu suna iya jawo rawar jiki, gumi, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, tsoka ta rinƙa harbawa, mutum ya ruɗe, wani har jijjiga irin ta farfaɗiya. In ka ga waɗannan alamun asibiti zaka nufa nan take. Ko baka gansu ba, ka kira likitanka yau ka gaya masa gaskiyar yawan da kake sha da tsawon lokacin, ba zai kama ka ba, neman mafita zai yi maka, don in ka daɗe kana sha shi ma tramadol ɗin ba'a yanke shi lokaci guda. Kuma kar ka ce bari in canja da ibuprofen ko diclofenac da kanka, su ma in suka haɗu da irin wannan maganin suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

Kwana 12 kuwa yayi wuri a yanke wa magani hukunci. Wannan maganin ba kamar na ciwon kai bane da zaka sha ka ji sauƙi cikin awa ɗaya, illolinsa ne suke riga amfaninsa zuwa, tashin zuciya, gudawa, rashin barci, har da ƙaruwar fargabar kanta a sati na farko da na biyu, kuma yawanci suna lafawa da kansu. Amfanin yakan fara leƙowa tsakanin sati 2 zuwa 4, cikakkensa sai sati 6 zuwa 8. Saboda wannan ƙaruwar fargabar ne ma likitoci da yawa suke fara wa mai irin matsalarka da 25mg na sati guda kafin a hau 50, toh ka ga ninkawa da kanka ƙara wa wutar fetur ne. Ana iya kai sertraline har 200mg a rana, amma hawa hawa ake yi ana duba mutum. Ka rinƙa sha da safe bayan ka ci wani abu, ka rage duk abinda yake da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin kofi, shayi da goro.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe saboda shekarunka. A 2004 hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta sa a rubuta gargaɗi a kan magungunan damuwa cewa suna iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa a makonnin farko ko lokacin da aka canja adadi, a 2007 aka faɗaɗa gargaɗin har zuwa masu shekara 24. Ba kowa yake samun haka ba, 'yan kaɗan ne, amma in irin tunanin nan ya zo maka kar ka jira ranar da aka baka, ka gaya wa wani da ka yarda da shi a gida ya raka ka asibiti a ranar. Haka in ka ga kwana da kwanaki baka buƙatar barci, ga ƙarfi ga surutu ga ɓarnar kuɗi, shi ma a gaya wa likita da wuri, don yana iya nuna wani ciwon daban ne da maganinsa daban.

In kuma an cika makonnin nan ba canji, ba ƙarshen hanya bane. A babban binciken nan na Amurka mai suna STAR*D da aka fitar a 2006, wanda aka yi kan masu ciwon damuwa wajen 4,000, kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warke da maganin farko, sauran sai da aka canja ko aka haɗa da wani. Ka tambaya kuma ko zaka samu ganin masanin halayyar ɗan adam, don zaman gyaran tunani da ake kira CBT yana aiki sosai a kan fargaba.

Tambaya: Mahaifiyata ce shekararta 64, tun rasuwar mahaifinmu shekara biyu kenan kullum sai ta sha Lexotan kafin tayi barci, yanzu guda ɗaya baya isarta, ga mantuwa kuma ta faɗi sau biyu. Mun yanke shawarar ɓoye mata shi, ya kike gani?

Amsa: Dan Allah kar ku ɓoye. Allah ya jiƙan Baba, ya saka muku da alheri kan kula da Mama, amma wannan shawarar tana da haɗari. Lexotan wato bromazepam ɗan gidansu diazepam ne, kuma su kam suna bin jiki da gaske, shi yasa ba'a so a wuce sati 2 zuwa 4 ana shansu. Wanda ya shekara biyu a kai in aka yanke masa rana ɗaya yana iya ruɗewa ko ya kama jijjiga, har rai ana rasawa. Mantuwar da faɗuwar kuwa sanannun illolinsa ne ga manya, kuma karayar ƙugu a shekarunta ba ƙaramin abu bane. Ku kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa tare da kwalin maganin, yawanci ana ragewa ne da kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk sati ɗaya ko biyu, wani lokacin a fara maida mutum kan diazepam saboda ya fi daɗewa a jiki. Zai ɗauki watanni. A duba ta kuma ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin rashin barcin nan, don tun rasuwar abin ya faro. Ku zauna da ita cikin girmamawa ku yi mata bayani, da yardarta abin zai fi tafiya.

Tambaya: Likita kunya nake ji amma dole in tambaya. Tunda na fara escitalopram damuwar tayi sauƙi amma sha'awata ta mutu, iyalina har ta fara zargin ko na daina sonta ne.

Amsa: Malam babu abin kunya, wannan yana cikin illolin da suka fi yawa a wannan rukunin magungunan, maza da mata, kuma shine yake sa mutane da yawa su daina sha a ɓoye. Shi ba kamar tashin zuciya bane da yake wucewa cikin sati biyu, sau da yawa yana nan muddin ana sha. Amma akwai abin yi, likita zai iya rage adadin in jikinka ya daidaita, ko ya maida kai kan mirtazapine wanda bai cika taɓa wannan ɓangaren ba sai dai yana sa barci da ƙiba, ko bupropion in ya dace da kai. Kar ka rinƙa tsallake kwanaki, kar kuma ka sayi maganin ƙarfin maza ba tare da an duba ka ba. Ka gaya wa iyalinka yau cewa daga maganin ne, in da hali ku je tare ta ji daga bakin likita. In bakinka yayi nauyi a gabansa, rubuta a takarda ka miƙa masa, marasa lafiyata da yawa haka suke min kuma ina karɓa.