Ina Matan Suke a Tarihin Cin Rani?

Tambaya: Malama, ni ɗalibar tarihi ce daga Birnin Kebbi. Ina rubutun kammala digiri kan cin rani a ƙasar Gwandu, malamina ya ce lallai in sa mata a ciki. Na duba takardun zamanin Turawa, maza kaɗai nake gani. Anya mata sun yi ƙaura kuwa?

Amsa: Sun yi, ɗiyata, sai dai ba a kira tafiyarsu cin rani ba. Baturen mulki mai biyan haraji yake ƙirgawa, da majiyi ƙarfin da ke barin gari neman ƙwadago. Ko binciken Mansell Prothero, wani Bature masanin labarin ƙasa, na shekarun 1950 a Lardin Sakkwato, lokacin Kebbi da Zamfara na cikinsa, idonsa na kan mazan da ke yin kudu bayan kaka.

Tafiyar mace kuwa wasu sunaye ta ɓuya a ciki: aure, yaji, goyon ciki, zawarci, bin miji zango, ko aikin hajji a ƙafa ta Sudan, inda wasu suka zauna har mutuwa. Ki tuna 'yan taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Mata ne ke tasowa daga ƙauyuka, jaji, wato shugabarsu, na gaba, su je su ɗauko karatu su komo su koyar. Wannan tafiya ce mai tsari da shugabanci, amma ba za ki same ta a littafin haraji ba.

Ni dai a ganina, takardun kotun alkali sun fi rahoton Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, amfani a wannan aiki. A shari'ar saki da ta gado ne mace ke faɗa da bakinta inda ta fito da shekarun da miji ya yi bai aiko ko anini ba. Ki nema a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. In kina karanta Larabci da ajami, kin ci rabin aikin.

Sai tsofaffi. Kada ki tambayi gwaggo ko ta taɓa ƙaura, cewa za ta yi tana ɗakinta tun ran da aka kawo ta. Tambaye ta inda aka yanke mata cibiya, inda aka kai ta auren fari, inda ta yi wankan jego, da wanda ya riƙe gona shekarar da maigida ya tafi. Kafin ta gama sai ki ga ta lissafo garuruwa huɗu ko biyar. Ki nemi izininta kafin ki kunna na'urar ɗaukar murya, kuma ki sakaya sunanta a rubutun.