Kujerun falo na yayi a Legas: amsa ga ƙanwarmu mai shirin tarewa

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Na ga tambayarki: za ki tare a Surulere, kin ga kujerun nan na yayi a Instagram, farare masu lanƙwasa da ke zaune daɓas a ƙasa, kina so ki ji ko ki sayi 'yan Turkiyya ko ki ba kafinta hoto ya ƙera miki. Shekarata 13 a Legas, saiti uku na canza, don haka ga abin da idona ya gani.

A Kano inda na taso, ƙura ce damuwar mai kujera. A nan kuwa laima ce. Saitina na farko na leda ne, baƙi, sai sheƙi yake. Muna zaune a ɗakin ƙasa a Agege, na jingina shi da bango kamar yadda muka saba a gida. Damina biyu kacal ya yi. Ruwan Yuni da Yuli na wucewa na ja doguwar don in share, sai na tarar bayanta ya yi funfuna fari fat, ga wani wari kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe. Ba a jima ba ledar ta fara ɓarewa daga inda ake ɗora hannu, baƙo ya tashi ka ga ɓarɓashi manne a bayan rigarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin Babanmu ne, kuma na san yadda ya haɗa su. Yawancin abin da ake ce mana fata ce, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, ba ta jure danshin garin nan.

Su kansu waɗannan na yayin ba sababbi ba ne. Mai kama da matashin da aka naɗe, wadda ake kira Togo, wani Bafaranshe ne, Michel Ducaroy, ya zana ta a 1973, kuma babu katako a cikinta, soso ne zalla. Kin ga ke nan idan kafinta ya kwaikwaye ta da soso mai araha, babu abin da zai riƙe ta, wata shida ta lotsa. Sannan ki tuna su waye baƙinki. Ranar da surukata ta zo daga Katsina ta zauna a irin wannan gajerar kujera a gidan wata ƙawata, sai da muka kama ta mu biyu kafin ta miƙe, ga ciwon gwiwa. Tun daga nan ba na yarda da mazaunin da bai kai inci 17 ko 18 daga ƙasa ba. Farin yadi mai gashi-gashi kuma, in akwai yara da miyar manja, ki bar shi a hoto.

'Yan waje suna da kyau, ban musa ba, ɗinkinsu tsaf. Amma tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a 2023 kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo, kuma in abu ya lalace babu wanda za ki kama. Ni yanzu kafinta nake ba wa, amma ba na ba shi hoto in koma gida in kwanta. Tare da maigidana muka je kasuwar katako ta Amu a Mushin muka zaɓi madaci busasshe, domin ɗanyen katako yana bushewa ne bayan an ƙera, sai kujera ta fara ƙara tana girgiɗi. Soso kuma na ce sai mai nauyi, na Vitafoam ko Mouka, duk a Ikeja masana'antunsu suke, kuma sai na ga tambarin a jiki kafin a rufe da yadi. Ki danna da tafin hannu: mai kyau yana dawowa nan take. Ki je shagon ranar da ƙashin kujerar yake tsirara, ki duba ko an sa maganin gara, ko kusoshi kaɗai aka buga babu gam. Kuɗi kuma rabi za ki bayar, ciko sai kaya sun iso.

Kafin komai ki sa a auna ƙofar falo da kwanar matakala. Benayen Surulere da yawa tsofaffin gini ne, hanyar hawa a matse take, mai kusurwa irin L ba ta shiga sai in gunduwa-gunduwa aka yi ta. Ki ce a sa mata ƙafa ko da inci 5 ne don iska da tsintsiya su wuce, rigunan kushin su zama masu zif, kuma ki bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Saitin da nake kai yanzu haka aka yi shi, ruwan toka mai duhu, mai zaman mutum uku ɗaya da na mutum ɗaya guda biyu, na bar tsakiyar falon da kafet domin in 'yan'uwa sun taru a ƙasa muke cin abinci. Damina biyar ke nan, rigunan kawai nake cirewa in wanke.