Farin lemon inabi na biki: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Anti, bikin 'yata ta fari saura wata ɗaya, mai yi mana kwalliyar wajen dina ta ce lallai a ɗora kwalbar wayin mara giya a kowane tebur, wai fari ya fi shiga da adon. Ni kuma tsoro nake kar in je in shayar da bayin Allah giya ban sani ba, abin har ya hana ni barci. (Uwar amarya, Kano)

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Kwantar da hankalinki, tsoron nan naki a kan hanya yake kuma maganinsa a jikin kwalbar yake a rubuce. Abin da ake sayarwa da sunan mara giya kashi biyu ne, mutane ne ke haɗe su. Na farko ruwan inabi ne zalla, an matse, an dafa shi sama-sama dan kar ya lalace, an sa mai gas an toshe, bai taɓa tsimuwa ba balle ya zama giya. Yawancin waɗanda muka saba gani a bukukuwa irin su Eva da Chamdor da Pure Heaven da wannan sunan ake sayar da su. Na biyun kuma sai da ya zama giya sosai tukunna aka sa shi a inji aka janye barasar, kuma a ƙasashen Turai doka ta yarda a kira shi wanda aka cire wa barasa ko da akwai ragowar da ta kai kashi 0.5 cikin 100. To ki juya bayan kwalbar ki duba jerin kayan haɗin, ko ki ba wani yaro mai karatu ya duba miki. In ruwan inabi ne da gas shikenan. In kika ga 0.5 ko an ce an cire barasa, ajiye musu kayansu. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan na biyun, ni kuma ba mai ba da fatawa ba ce, amma taron jama'a ba wajen shigo da abin shakka ba ne. Ki kula kuma, akwai kamfanonin da ke yin mai giya da mara giya a kwalba kusan iri ɗaya, dan haka kar ki aiki direba shi kaɗai ki ce ya ɗauko "mai farar takardar nan".

Tambaya: Anti ina karatu a Jamus. Wata gonar inabi a bakin kogin Rhine tana tallar katan mai kwalba 6 na fari mara barasa, har gida za su kawo, akwai na inabin Riesling akwai na inabin Muscat. Wanne zan zaɓa in abokaina sun zo? (Ɗalibi, Jamus)

Ƙanena, ka karanta amsar da na ba Hajiya a sama, dan kai ma ta shafe ka, har ma ta fi. A Jamus ɗin nan aka fara wannan sana'ar, wani Carl Jung ya yi rajistar dabarar cire barasa daga wayin tun 1908: ana zuƙe iskar tukunyar sai barasa ta tashi a zafin da bai wuce digiri 30 da ɗoriya ba, maimakon 78 da take tafasa a kai, ta haka ƙamshin inabin ba ya ƙonewa. Saboda haka abin da gonar ke kira alkoholfrei, wato mara barasa, asalinsa giya ne, kuma yana iya ɗauke da 0.5 ɗin nan. In wanda bai taɓa tsimuwa ba kake so, Traubensaft za ka nema, wato ruwan inabi da Jamusanci, gonaki da yawa suna yin nasu. Batun ɗanɗano kuwa, Riesling tsami gare shi mai kaifi kamar ɗanyen tuffa, yana tafiya da kifi da abinci mai yaji, Muscat kuma ƙamshi ne da zaƙi, shi ya fi kusa da harshenmu. Amma dan Allah kar ka fara da katan na iri ɗaya, ka nemi katan mai gauraye ko ka sayi kwalba ɗaiɗai, ka sanyaya su daidai, ka ɗanɗana a jere rana ɗaya sannan ka san wanda ya yi maka. Kuma ka karanta ƙananan rubutun kafin ka sa lambar katinka, wasu tsarin nasu na dindindin ne, duk bayan 'yan watanni sai sabon katan ya iso an cire kuɗi, kai kuma kuɗin ɗalibi ne a hannunka.

Tambaya: Wata a WhatsApp tana sayar da katan rabin kuɗin da ake sayarwa a kasuwar Singa ta Kano, ta ce kayan gwanjo ne daga Legas. In yi oda katan 20? (Mai abincin biki, Zariya)

A'a. Kar ki yi. Kuma bari in tsaya a nan in yi magana dan wannan abin ya daɗe yana ci min rai. Kayan da ake shigowa da shi daga waje da dala, a biya kwastam, a biya mota daga Legas zuwa Arewa, ta yaya zai zo hannunki a rabin kuɗin da dila ke sayarwa? Wa ya yi asarar rabin, kuma dan me zai yi ta saboda ke? A watan Disamba na 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu ta Aba wadda ake kira Cemetery, ta rufe shaguna sama da 240 da aka mayar masana'antar jabun wayin da lemo, ana haɗawa da ruwa mara tsafta da kala da sinadarin zaƙi a ɗura a kwalaben kamfanoni, waɗanda suka wuce lokaci kuma a goge kwanan wata a buga sabo. Ba a ganin wannan kayan a Aba kaɗai, mota ake lodawa a rarraba ƙasa. Ke kuma abinci kike ba mutane, sunanki ne jarinki, yara ƙanana da masu ciki da tsofaffi duk za su sha, in ciki ya ɓaci a gidan biki ba mai WhatsApp za a nema ba, ke za a nema, ita ta canza lamba ta yi gaba.

In za ki saya, je ki da ƙafarki wajen dilan da ke da shago da rasit, ki ce a buɗe katan a gabanki. Ki ɗaga kwalba uku zuwa huɗu a haske ki jera su: ruwan ya tsaya a layi ɗaya a wuyan kowacce, kar ki ga gurɓata ko wani abu na yawo a ƙasa, a fari wannan ba ya ɓuya. Ki shafa takardar da yatsa, in ta karkace ko gam ya fito ta gefe ko rubutun ya yi dishi-dishi, ajiye. Zoben murfin ya zama bai tsinke ba. Ki duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi shi da ranar ƙarewa, na jikin kwalba ya yi daidai da na jikin katan, in kika ga wajen kwanan watan ya yi fari kamar an kankare to an kankare ɗin ne. Duk da haka lambar kaɗai ba hujja ba ce tunda ita ma ana bugawa. Ki sayi ɗaya ki buɗe, na gaske gas ɗinsa na jimawa a kofi, jabu kuwa yana hucewa nan take ya bar miki ɗacin sinadari a maƙogwaro. Katan ɗin da ya wuni a rana a ƙofar shago ma ban yarda da shi ba ko da na gaske ne, zafi na sa farin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ɗanɗanon ya mutu. Bayan biki kuma kar ki bari a kwashe kwalaben da murafunsu lafiya lau, ki sa a yage takardun a lalata murafun, dan irin waɗannan kwalaben ake bi ana saye ana sake ɗurawa. Sannan katan 20 na mene ne? Rabi a kan tebur ake barinsu an buɗe an kurɓa sau ɗaya, saura a jakar 'yan biki suke tafiya. Kwalba ɗaya a tebur ta isa ado, ki cike da zoɓo da kunun aya da lemon tsamiya masu sanyi waɗanda kin san hannun da ya yi su.

Tambaya: Babana yana da ciwon suga, an ce fari ba shi da zaƙi kamar ja. Zai iya sha? ('Yarsa, Maradi)

'Yata, Allah ya ba Baba lafiya, ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya. Wanda ya faɗa miki haka bai sani ba. Bambancin fari da ja daga ɓawon inabin ne, suga kuwa duk ɗaya ne, ruwan inabi zalla yana ɗauke da kusan giram 15 a kowane mililita 100, ya fi na lemon kwalba da muke gudu. Kwalbar mililita 750 ce, kofi ɗaya ma ya yi masa yawa. Ki ba shi ruwa mai sanyi da lemon tsami a kofi mai kyau, sauran ki tambayi likitansa.

Tambaya: In na ajiye shi shekara biyar zai ƙara daɗi da tsada kamar yadda ake yi a Turai? (Matashi, Kaduna)

Lalacewa zai yi, malam. Ba shi da barasar da za ta tsare shi, ranar ƙarewa na jikinsa, in ka buɗe kuma ka sa a firij ka shanye cikin kwana biyu zuwa uku.

Tambaya: Da gaske ne farin yana sa hasken fata?

Ba ya sawa, kuma wadda ta faɗa miki haka kaya take son ta sayar miki. Ki riƙe kuɗinki.