Ku Tambayi Kawu: Ina Da Jita, Ba Ni Da Malami

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Katsina. Na tara kuɗi na sayi jita ta hannu, amma babu mai koya mini a unguwarmu. Na shiga YouTube na tarar da darussa ba iyaka har kaina ya ɗaure. Burina in iya kiɗa irin na mutanen Agadas. Daga ina zan fara, ga data da tsada?

Amsa: Ɗana, yawan malamai ne ya ɗaure maka kai. Ka zaɓi guda ɗaya mai darasi a jere, ka bi shi har ka kai ƙarshen matakin farko.

Wanda nake tura masu farawa wurinsa shi ne Justin Sandercoe, ɗan Ostareliya, wanda ya buɗe shafin JustinGuitar tun 2003. Darussan da ke shafin kyauta ne, manhajarsa ta waya ce ake biya. Yana farawa da yadda ake riƙe jita, sannan kod uku, A da D da E. Kod shi ne tsirkiyoyin da kake dannawa tare su ba da sauti guda. Yana da wani atisaye da nake matuƙar so: ka sa agogo na minti ɗaya, ka riƙa sauyawa tsakanin kod biyu kana ƙirga sau nawa ka yi, ka rubuta a takarda. Bayan mako guda za ka ga lambar ta ƙaru, kuma wannan takardar ce za ta riƙe ka ranar da zuciya ta ce ka haƙura. Da Turanci yake koyarwa, amma hannunsa za ka fi kallo.

Kafin komai, sauke manhajar saita tsirkiya, GuitarTuna ko Fender Tune. Kana kaɗa tsirkiya, wayar na ji, ta gaya maka ka ɗaure ko ka sassauta. Daga mai kauri zuwa siririya, saitin shi ne E, A, D, G, B, E. Ka saita duk ranar da ka ɗauki jitar, domin kunnen da ya saba da karkataccen sauti yana da wuyar gyara. Ka haɗa da manhajar metronom, mai buga maka lokaci, ka fara da bugu 60 a minti.

Akwai kuma rubutun kiɗa da ake kira tab, wanda za ka samu a Ultimate Guitar da Songsterr. Layi shida ne, kowane layi tsirkiya ɗaya, na sama shi ne siririyar. Lambar da ke kan layi ita ce gaɓar da za ka danna a wuyan jita, sifili kuwa ka kaɗa ba dannawa. Mutane ne ke turawa a Ultimate Guitar, saboda haka akwai masu kuskure. Ɗauki wanda ya fi samun taurari.

To, ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Kiɗan Agadas da kake so, kaɗan ne daga cikinsa aka rubuta a waɗannan shafuka, domin da kunne da ido masu shi suka koye shi. Haka kai ma za ka yi, sai dai ka fi su gata. Nemi bidiyon wasan kai tsaye na makaɗan jitar Nijar, Bombino ko Mdou Moctar, irin waɗanda gidan rediyon KEXP na Amurka ke ɗauka, inda kyamara ke matsowa kan yatsu. A YouTube akwai wurin rage saurin bidiyo zuwa 0.75 ko 0.5 ba tare da sautin ya sauka ba. Ɗauki daƙiƙa goma kacal, ka rera su da baki har su zauna, sannan ka neme su a kan tsirkiya. Mdou Moctar bahago ne, don haka in kai na dama ne, kallonsa kamar kallon madubi yake, hannunsa na gefen da naka yake. Za ka lura babban yatsa na riƙe da tsirkiya mai kauri tana gurnani a ƙasa, sauran na yawo a sama, galibi cikin tsanin sauti biyar. Kunnen da ya tashi da gurmi da garaya ya riga ya san wannan tsanin, yatsu ne kawai ba su sani ba.

Batun data, ingancin 360p ya ishe ka darasi. Sauke guda ɗaya da garaɓasar dare, ka yi mako kana maimaita shi. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Tambaya: Kawu, ni daga Zariya nake rubutowa. Mako biyu ke nan da farawa, kan yatsuna na ciwo har ina tunanin ajiyewa. Ko hannun mace bai dace da jita ba ne?

Amsa: 'Yata, ba ruwan jita da namiji ko mace. Ciwon na kowa ne, yana raguwa cikin 'yan makonni idan fatar ta yi kanta. Ki yanke farcen hannun da ke dannawa, ki danna dab da bayan ƙarfen gaɓa, a nan ƙarfi kaɗan ake buƙata. Amma ki duba jitar ma. In mai tsirkiyar ƙarfe ce, a gaɓa ta 12 tazarar tsirkiya da ƙarfen gaɓa kada ta wuce milimita uku. In ta wuce, ki kai wa masu sayar da kayan kiɗa su rage ta, su sa miki tsirkiya marar kauri. In jitar mai tsirkiyar roba ce, kada ki yarda a sa mata ta ƙarfe, tana iya lanƙwasa wuyan. Da hunturu kuma ki riƙa mayar da ita cikin jakarta, nesa da rana, domin bushewar iska na tsaga katako.