Amfilifayar da ta dace da sifikar ilektrostatik

Malam, ka tambaya ko yawan wat ne abin dubawa wajen zaɓa wa sifikarka ta kamfanin MartinLogan amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Ba shi ne kan gaba ba. Irin wannan sifika ta ilektrostatik, wadda siririyar fata da lantarki ke kaɗawa ce ke fitar da sautinta, halin kafasita (ma'ajiyar cajin lantarki) gare ta: sauti na ƙara siranta, turjiyarta ga wutar lantarki na faɗuwa, wani lokaci ƙasa da om 1 (om shi ne ma'aunin turjiya) a kilohaz 20, wato sauti mafi siranta, sai ta riƙa jan wuta da yawa. Amfilifaya mai rauni sai ta ɗau zafi, ko ta kashe kanta. Nemi wadda wat ɗinta ke kusan ninkuwa in turjiya ta sauka daga om 8 zuwa 4, mai jure om 2. Amfilifaya mai bawul (kwalaben gilashi masu ƙara sauti) akwai daɗin ji, amma takan dusashe siririn sauti. Da sifikarka tsohuwar Quad ESL 57 ce (ita ma ilektrostatik ce), da na ce ka sassauta, don wuta in ta yi yawa tana huda fatarta.