Amsa: Wannan kiɗan na Ingila sabo ne?

Malam, ka tambaya ko haɗa waƙoƙin gargajiyar Ingila da kiɗan rok mai juya ƙwaƙwalwa sabon abu ne. A'a, tsohuwar zuma ce. Tun a 1903 Cecil Sharp, wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya fara bin ƙauyukan yankin Somerset na Ingila yana rubuta waƙoƙi daga bakin tsofaffi. A 1969 ƙungiyar Fairport Convention ta ɗauko irinsu ta ɗora musu gitar lantarki da ganguna, Sandy Denny na rerawa. Muryar matar nan sai wanda ya ji! Farfaɗowar wannan salon kiɗa ta ƙara ƙarfi ne bayan an sake fitar da tsohon faifan mawaƙiya Vashti Bunyan a 2000, matasa suka yi masa ca. Ni dai na fi son na da, wasu na yanzu sun cika hayaniya.